Gidan haya mai rufin kwano: sa abin tare zafi zai biya kuɗinsa?

Mai_Gida_Kano: Assalamu alaikum. Gidan haya ne, ɗakuna shida a jere, rufin kwano, silin na PVC. Daga Maris zuwa Mayu 'yan haya a tsakar gida suke kwana. Kafinta ya ce a sa abin tare zafi tsakanin kwano da silin. To ni ne zan kashe kuɗin, su ne za su ji sanyin, kuma kowa da mitarsa. Akwai riba, ko in bar shi haka?

Kafintan_Rufi: Wa'alaikumussalam Alhaji. A gida marar bene yawancin zafin ta sama yake shigowa. Kwano da tsakar rana a Afrilu yana wuce digiri 60, silin na PVC kuwa siriri ne, ba abin da yake tarewa. Saboda haka ka manta da bango, rufi za ka gyara.

Kafin ka sayi komai, hau ka duba ko akwai hanyar iska a cikin rufin. Gidaje da yawa birkila ya kai bulo har jikin kwano ya toshe ko'ina, zafi ya taru ba mafita, ya yi ta sauka ɗaki har bayan isha. Ma'aunin da ake bi shi ne murabba'in mita 1 na kafa ga kowane murabba'in mita 150 na silin. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 kusan murabba'in mita 13 ne, ke nan kafa mai santimita 30 da 30 ta ishe shi, amma a raba ta biyu, ɗaya ƙasa wajen bakin rufi, ɗaya can sama, don iska ta shiga ta fita. A rufe da raga mai ƙananan ido, in ba haka ba ka yi wa jemage da ɓera masauki.

Sai foyil, wato takardar alminiyum ɗin nan mai ƙyalli. A ƙasan kwano ake sa ta, fuskar ƙyallin tana kallon ƙasa, da sararin iska aƙalla santimita 2.5 a gabanta, kuma gefe ya hau gefe da santimita 10 zuwa 15. Kuskuren da aka fi yi shi ne shimfiɗa ta a kan silin tana kallon sama. Hunturu ɗaya ƙura za ta lulluɓe ta, ƙyallin ya mutu, aikinta ya ragu sosai.

Injiniya_B: Alhaji, ta kuɗin wuta ba za ka mai da ko kwabo ba, wannan ɗan haya ne zai amfana. Kuma amfanin ya danganta da irin ɗan hayar. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi tana jan kusan kilowat 1.1, in ta yi awa takwas ba tsayawa ta ci wajen yunit 9. A Afrilun 2024 NERC, hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, ta kai kuɗin Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawan awanni, naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage, ke nan a farashin wancan lokacin dare ɗaya ya doshi naira dubu biyu. Mai irin wannan na'ura zai yarda a ƙara masa haya don ɗaki mai riƙe sanyi. Mai fanka ɗaya zai ji daɗi, ya yi maka addu'a, amma da wuya ya ƙara maka kuɗi. Ribarka a nan ita ce ɗaki ba zai zauna ba kowa ba, kuma ba ka yin fenti da gyara duk shekara saboda sabon mai shiga.

Na ɗan saɓa da Malam kafinta a wuri ɗaya. Foyil sai an ɗaga kwano take zama daidai, kuma ɗaga tsohon kwano yana buɗe ramukan ƙusa, damina ta zo ka shiga yoyo. In rufin lafiyarsa lau, gara audugar gilas, wato abin tare zafi mai kama da auduga da ake yi da zaren gilas, mai kaurin milimita 50 a shimfiɗa kan silin. Ba ta kai kilo ɗaya a murabba'in mita ba, amma PVC yana lanƙwasa, sai an ƙara katako ko an ja waya ta riƙe ta. Kada a danne ta, iskar da ke cikinta ce ke aikin. Mai sawa ya sa safar hannu da takunkumi, tana ƙaiƙayi.

Mai_Wayarin: Kada a rufe wayar wuta da audugar nan sai an duba ta. Wayar da aka binne ba ta huce zafi, in siririya ce ko akwai haɗin da aka naɗe da salatif, nan gobara ke farawa. A sa wayoyi cikin bututu, a ɗora su saman audugar, a bar fili kewaye da fitilun da ke cikin silin. Farin soson nan irin na kwalin firji ma a guje shi, yana narkewa ya kama wuta.

Kafintan_Rufi: Gaskiyar Injiniya ne kan ɗaga kwano. Alhaji, buɗe kafofin iska yanzu, toshe yoyo kafin ruwan Yuni don jiƙaƙƙiyar auduga ba ta tare komai, sannan ka fara da ɗakin da ke fuskantar yamma. Foyil ka bar ta sai ranar canza kwano.