Yawon babur da ɗan jagora a Hanoi da ƙauyukanta: ina neman shawara

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum. In Allah ya yarda zan je Hanoi, babban birnin Biyetnam, a watan Nuwamba domin duba kayan tangaran da yadi, kuma zan samu kwana biyu da ba ni da wata hidima. Mai masaukina ya ba ni shawarar in nemi ɗan jagora mai babur, mu zaga tsohon gari da ƙauyukan da ke kewaye. Tun ina saurayi nake tuƙa babur, amma yanzu na haura hamsin, kuma ban san hanyoyinsu ba. Shin in tuƙa da kaina ina bin jagoran, ko in bari a goya ni? Wane ƙauye ya fi cancanta a je, kuma yaya ake yi da salla da abinci?

Malamin Samaru:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Don Allah ka bari a goya ka. Na yi wata huɗu a can wajen wani kwas, kuma ni ma da na isa gani nake wanda ya ga Kano a zamanin acaɓa, kafin a hana a 2013, babu cunkoson da zai ba shi tsoro. Abin da na tarar ya bambanta: babura ne ke kwarara kamar ruwa, kowa yana karanta motsin na kusa da shi, kuma baƙon da ya taka birki ba zato shi ne ke jawo haɗari. Sannan wanda idonsa ke kan bayan jagora ba zai ga garin ba, alhali ganin ne ya fito da shi.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne gadar Long Bien, wadda Faransawa suka gama ginawa a 1902 a kan Jan Kogi. Mota ba ta hawanta. Jirgin ƙasa ne a tsakiya, babura da kekuna a gefe, kuma a kanta hannun hagu ake bi, saɓanin sauran titunan ƙasar. Jagorana ya tsaya a tsakiya, muka sauka ta wata matakala zuwa tsibirin da ke ƙarƙashi, inda manoma ke noman ayaba da masara, ga benayen birni suna hango su. Daga nan muka bi kan jingar da ke tare ambaliya har Bat Trang, kimanin kilomita 15 daga tsakiyar gari, ƙauyen da ya shafe ƙarnuka yana ginin tukwane da tangaran. Lungunansa na da ƙunci ƙwarai, har wani wuri gwiwata tana gogar bango, kuma a jikin wani bango na ga curin gawayi an manna ana shanyawa domin tsohon murhun toya, ko da yake yawancinsu sun koma gas. Tunda kai ɗan kasuwa ne, can ya kamata ka fara.

Ka bar babbar riga a masauki. Na ga yadda gefen doguwar rigata ya kusa shiga cikin taya, kuma salansa tana ɓangaren dama, saboda haka ta hagu za ka riƙa sauka.

Maman Khadija:
Ina goyon bayan Malam a kan goyo, amma Bat Trang ta zama kasuwa sosai, rabin yini ya ishe ta. Yini na biyu, Alhaji, ka ba Duong Lam, tsohon ƙauye da ke wajen garin Son Tay, kusan kilomita 50 yamma da birni. Gidajenta da jar marmara aka gina su, irin wadda muka sani a gida, kuma a tsakar gidajen za ka ga manyan randuna a jere ana tsima miyar waken suya. A nan aka haifi Ngo Quyen, sarkin da ya karya rundunar Sinawa a kogin Bach Dang a shekarar 938. Tafiyar tana da nisa ga mai zaman baya, don haka ka ce wa jagoran ya bi ta cikin fadamun shinkafa, ku riƙa tsayawa.

Batun abinci kuwa sai an yi hattara, domin naman alade ya shiga girkinsu sosai, har bun cha da jagorori ke alfahari da shi alade ne zalla. Mu kalmar "chay" muka riƙe, wato abincin da babu nama, kuma muka sa aka rubuta mana ita a takarda. Masallacin Al-Noor yana titin Hang Luoc a cikin tsohon gari, 'yan kasuwar Indiya ne suka gina shi a ƙarshen ƙarni na 19, kuma in ka je za a nuna maka wuraren cin halal. A ƙauye babu masallaci, sai ka tafi da darduma, kuma ka tuna alƙibla a can yamma take. Maigidana ya fuskanci gabas bisa sabo a ranar farko, sai da wayarsa ta gyara masa.

Abu Sadiq:
Lasisin gida kaɗai ba ya ba baƙo damar tuƙi a Biyetnam, kuma idan aka yi haɗari ba tare da takardar da suka amince da ita ba, kamfanin inshora yana iya ƙin biyan kuɗin asibiti. Hular kwano dole ce tun Disambar 2007, ga direba da fasinja, amma wadda aka fara miƙo mini siririya ce kamar ƙwarya, sai da na dage aka kawo mai rufe kunne. Ku yi cinikin kuɗin jagora da dong, wato kuɗin ƙasar, da yawan awoyi kafin ku tashi.

Ɗan Kwari:
Allah ya saka muku da alheri. Na haƙura da tuƙi. Ɗaya daga cikin ranakun Juma'a ce, don haka zan sa Bat Trang da safe in dawo Hang Luoc kafin huɗuba, Duong Lam kuma ranar Asabar. Malam, tangaran ɗin da mutum ya saya a Bat Trang, a babur ake ɗauko shi, ko masu shagunan suna aikowa masauki?