Black Starlets: kofin duniya biyu a hannu, amma me ya tsaya mana tun Indiya 2017?

Ɗan Maamobi:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga manyanmu masu bin ƙwallon yara. Kullum ana cewa Starlets, tawagar Gana ta 'yan ƙasa da shekara 17, sun taɓa riƙe duniya, amma samarin yanzu ba su ga komai ba sai gasar duniya ta Indiya 2017. Ina son a jera mana tarihin daidai, ba na baki ba. Sannan gaskiya ne na'urar MRI ta gwajin shekarun 'yan wasa ce ta karya mu, ko dai wani abu ne dabam?

Kawu Asawase:
Wa alaikumus salam ɗana. Fara da wannan: daga 1991 zuwa 1997 an yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 sau huɗu, kuma duk huɗun Gana ta buga wasan ƙarshe. A 1991 a Italiya, ƙarƙashin koci Otto Pfister, muka ci Sifaniya 1-0, Emmanuel Duah ya zura ƙwallon, Nii Odartey Lamptey ya zama gwarzon gasa. A cikin yaran nan har da Samuel Kuffour da Mohammed Gargo, kuma Torino ta kwashe su biyun tare da Duah bayan gasar. A 1993 a Japan Najeriya ta ci mu 2-1. A 1995 a Ekwado Sam Arday ya kai yara suka doke Brazil 3-2, zamanin su Awudu Issaka da Baba Sule. Brazil ta rama a Masar a 1997 da 2-1.

Daga nan aka fara gangara. 1999 a Niyu Zilan na uku, Ishmael Addo ya ci 7, Michael Essien yana cikin tawagar. 2007 a Koriya ta Kudu na huɗu. Sai shiru na shekara 10 har Indiya, inda Paa Kwesi Fabin ya tafi da su Mohammed Kudus na nan Nima, Mali ta fitar da mu 2-1 a zagayen ƙasashe takwas. Gasar 2019 da 2023 da 2025 duk a talabijin muka kalla. Kofin Afirka kuwa sau biyu ne, 1995 da 1999.

Kada ka haɗa su da Black Satellites, mutane suna yawan cakuɗawa. Waɗanda suka ci Brazil da bugun fenariti a Alƙahira a 2009, su Dede Ayew da Dominic Adiyiah, 'yan ƙasa da 20 ne.

Anti Nas, Aboabo:
Kawu ya gama da tarihi, bari in ɗauki MRI, don mutane da yawa suna zaton na'urar tana faɗin shekarun yaro. Ba ta faɗi. Abin da ake ɗauka hoton wuyan hannu ne, yawanci na hagu. A ƙarshen ƙashin sangalin hannu, ɓangaren babban yatsa, akwai wani siririn layi na guringuntsi inda ƙashi yake ƙara tsawo. Yayin da yaro yake girma layin yana ta rufewa har ya zama ƙashi zalla. Likita yana duba hoton ya ba shi mataki daga 1 zuwa 6. Mataki na 1 a buɗe yake sarai, na 6 ya rufe ruf. Wanda ya kai 6 an cire shi, ko da takardar haihuwarsa ta asibiti ce tun ranar suna. FIFA ta fara amfani da wannan a gasar 2009 da aka yi a Najeriya.

Inda ake yin kuskure shi ne lokaci. Yaron da ke mataki na 5 yau yana iya kaiwa 6 bayan 'yan watanni. Wasannin share fage ana yin su tun shekara guda kafin gasar duniya, kuma CAF, hukumar ƙwallon Afirka, tana sake nata gwajin kafin a fara buga wasa. To kocin da ya gina tsakiyar filinsa a kan yara uku 'yan mataki na 5 ya gina ne a kan rairayi. Hankali shi ne a yi gwajin farko tun ranar da aka kira yara sansanin Prampram, kafin a kashe kuɗin abinci da horo a kansu, a fi riƙe 'yan mataki na 3 da 4, sannan a maimaita gab da tafiya.

Kuma gwajin yana da nasa zalunci. Ƙashin wani yaron yana rufewa da wuri alhali shekarunsa na gaskiya ne, wani kuma ya haura 17 nasa bai gama rufewa ba. Amma doka ce a kan kowa. An kori Gana daga gasar Afirka ta 2015 a Nijar bayan Kamaru ta kai ƙara. Togo an kore ta daga gasar share fage a 2021 tana mai masaukin baƙi a Lome. Kamaru ɗin kanta, da ta gwada nata yaran gab da 2023, 21 cikin 30 suka faɗi.

Koci Sabon Zongo:
Anti, ban musa miki ba, amma ni ban yarda a ɗora wa MRI duka ba. Najeriya ta ci kofin duniya a 2013 da 2015 ana tsaka da gwajin nan, Mali ta kai wasan ƙarshe a 2015. Hoton ƙashin kowa ake ɗauka.

Ƙofar da ta ƙuntata mana ita ce shiyya. Daga gasar 2019 CAF ta daina haɗa ƙasa da ƙasa gida da waje, ta mayar da share fage zuwa shiyyoyi. Mu muna shiyyar WAFU B tare da Najeriya, Kodibuwa, Burkina Faso, Nijar, Togo da Benin. Ana tara su a gari ɗaya kamar mako biyu, wasa huɗu ko biyar kacal. A Yamai a 2018 kujerar zuwa gasar Afirka ɗaya ce tal, muka kai wasan ƙarshe, Najeriya ta ɗauke ta da fenariti. Da aka ƙara ta koma biyu, sai wasan kusa da na ƙarshe ya zama shi ne komai. A Cape Coast a 2022 Burkina Faso ta tare mu a nan. A Legon a 2024, gaban mutanenmu, Burkina ce dai ta sake. Minti 90 ɗaya ya lalace, zubin yaran nan gaba ɗaya ya wuce, don gasa ta gaba shekarunsu sun haura.

Irin wannan gasar ba ta son tawagar da aka tattaro wata ɗaya kafin tafiya. Ana buga wasa duk bayan kwana uku, ga zafi, ga rauni, dole benci ya yi ƙarfi kamar 'yan cikin fili. Yaran 1991 da 1995 sun fito ne daga ƙwallon koltis, wato ƙungiyoyin yara na unguwanni, suna wasan gasa kowane ƙarshen mako tun suna 12. Yanzu yaron da ya fi kowa a Kawukudi yana wucewa makarantar ƙwallo ne tun yana ƙarami, kamar yadda Kudus ya bar ƙungiyar Strong Tower ya tafi makarantar Right to Dream. Wannan ba laifi ba ne, sai dai makaranta tana da nata lissafin: dokar FIFA ta hana kai yaro ƙungiyar waje kafin ya cika 18, don haka idonsu yana kan ranar nan ne, ba kan Starlets ba.

Kawu Asawase:
Koci, ƙara da wannan. Daga 2025 gasar duniyar ta koma kowace shekara, ƙasa 48, a Katar har 2029, Afirka tana da kujeru 10. Ke nan kowace shekara sai an fitar da sabon zubi, kuma iyakar ita ce 1 ga Janairu: gasar 2025 ta waɗanda aka haifa daga 2008 ce, ta 2026 daga 2009. Idan babu tawagar 'yan 15 da ke tafe a baya, an riga an ɗauki hoton hannunsu kuma sun saba da juna, kocin Starlets zai riƙa farawa daga tushe duk Janairu.

Ɗan Maamobi:
Na gode Kawu, na gode Anti da Koci. Anti, saura abu ɗaya: yaron da aka ce ya kai mataki na 6, an rufe masa ƙofar ƙasa ke nan?

Anti Nas, Aboabo:
A'a ƙanena, Starlets kaɗai ya rasa. A 'yan ƙasa da 20 ba a yin hoton hannu, don a shekarun nan ƙashin mafi yawan yara ya riga ya rufe, hoton ba zai bambanta kowa ba. Can fasfo da rajistarsa ta hukumar ƙwallo ake dubawa, shi ya sa ya kamata iyaye su tabbata ranar haihuwar da ke katin koltis ita ce a takardar haihuwa da Ghana Card.