Neman kalma: me za a kira "ostiyotomi" a rediyo?

Maman Ilham, Gusau: Salamu alaikum. Gobe da safe ina da shirin lafiya kan matasan da suka yi shekaru da takalmin ƙarfe, galibi masu shan inna, amma gwiwa ta lanƙwashe ko ta yi gwame har sai an kai ga tiyata. Likitan da na gayyata ba ya faɗin komai sai "ostiyotomi". Me zan ce wa mai saurare a Ƙaura Namoda?

Malam na Tsafe: Yanke ƙashi. An gama.

Anti Nas: A'a Malam. Uba na jin "yanke" zai ɗauka guntule ƙafar za a yi, sai ya kwashi yaro zuwa gidan maɗori. Ƙashin cinya ake rabawa ta ƙasa, ko na ƙwauri ta sama, dab da gwiwa, a daidaita shi, a ɗaure da farantin ƙarfe da kusoshi ko ƙarfen da ake kafawa ta wajen ƙafa har ya haɗe. In yaron bai gama girma ba, wani lokaci ɗan ƙarfe kawai ake sa wa gefe guda na inda ƙashin ke ƙaruwa, ƙafar ta miƙe a hankali. Wannan kuma aiki ne daban.

Baban Zara: Karya-ɗora! Ni na ƙirƙiro ta, a rubuta.

Malam na Tsafe: Tukuna. Wa ya ce "tiyata" Hausa ce? Muna da fiɗa.

Anti Nas: Fiɗa ta rago ce ranar Layya, ranka ya daɗe. Jeka Asibitin Ƙashi na Dala ka ji ko akwai mai cewa an yi masa fiɗa.

Malam na Tsafe: To, ga ta nan. Komi sai an tambayo Kano? Mu Zamfarawa ba mu da baki?

Baban Zara: Har yanzu ba wanda ya kushe karya-ɗora.

Anti Nas: Na kushe. Ba karyawa ake yi ba, da awo ake yi.

Maman Ilham: Jama'a, dare na yi. Zan ce "aikin miƙe ƙashin gwiwa", likita ya yi bayanin sauran. Tiyata kuma tana nan, Malam, a yi haƙuri.

Malam na Tsafe: Ta yi tsawo. Amma ki je da ita. Ki dai tabbata an sa wa ƙ ɗin lanƙwasa a takardar, kar a karanto wani abu.

Baban Zara: Ni dai a gidana karya-ɗora ce.