"Nagari na kowa": a rubuta rabi ko a rubuta duka?

Uwar Zumunta: Salama. Baba Fasto na ikilisiyarmu a Tudun Wada, Jos, zai yi ritaya, mu 'yan zumuntar mata za mu buga zanen anko domin sujadar godiya. Mun zaɓi "Nagari na kowa, mugu sai mai shi." Mai buga zanen ya ce mu yanke rabin ƙarshe. Me kuka gani?

Ɗan Gangare: Mama, ni Musulmi ne, amma in kun buga ku ajiye wa matata turmi ɗaya. A rikicin Nuwamba 2008, ana dokar hana fita, wannan dattijon ya ɗora ƙanena a bayan tsohon babur ɗinsa, ya ɗaure shi da zanen matarsa don kada ya faɗo, har asibitin Jankwano. Bai tambaye shi sunansa ba sai da gari ya waye. Ku bar karin maganar a cike, haka muka gaje ta.

Tsohon Malami: Ɗana, a baki ne muka gaje ta, ba a jikin zane ba. "Mai shi" na nufin danginsa, waɗanda ba su da yadda za su yi da shi. To ranar bikin ga sabon fasto zaune a gaba, ga mata ɗari sanye da "mugu". Wa zai hana a ce habaici ne? Kun san halinmu.

Uwar Zumunta: Kai Baba, wallahi ban hango wannan ba!

'Yar Kwaya: Me zai hana "Yabon gwani ya zama dole"?

Tsohon Malami: Wannan ta makaɗi ce da ɗan ƙwallo, 'yata. Gwaninta daban, nagarta daban. Mutumin da ke bin gidajen gwauraye da barguna a sanyin Disamba ba gwaninta ya nuna ba. Ni ma wa'azinsa yakan sa ni gyangyaɗi, Allah na gani.

Ɗan Gangare: Amma "na kowa" ba ta da armashi sai da kishiyarta. Dubi Limam Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barikin Ladi, wanda ya ɓoye Kiristoci a masallaci da gidansa a Yunin 2018. Har Amurka ta karrama shi a 2019, kowa na cewa nasa ne. Maharan fa, wa ya fito ya ce nasa ne?

'Yar Kwaya: Shi kansa Baba Fasto an tambaye shi? Na san zai jawo mana Matiyu 6:3 a Littafi Mai Tsarki, zancen kada hannun hagu ya san abin da na dama ke bayarwa, ya ce a kai kuɗin zanen gidan marayu.

Uwar Zumunta: Shi ya sa ba mu gaya masa ba. Rabin farko za mu buga. Ɗan Gangare, turminku na nan, amma fa kuɗi hannu.