Na ce masa babu sabis, alhali akwai

Mai POS, hanyar Gumel:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da 'yar rumfar POS a bakin titin da ya tashi daga Gumel zuwa Maigatari. Alhamis ɗin da ta wuce, ranar kasuwa, wajen la'asar wani saurayin Bafulatani ya tsaya a gabana. Ga kitso, ga kwalli rangaɗau, malfa a ka, sanda a kafaɗa, takalmin roba duk ƙura. Ya miƙo kati ya ce dubu 300 yake so. Gabana ya faɗi. Ban san lokacin da bakina ya ce "babu sabis" ba.

Bai yi musu ba, ya koma gindin dalbejiya yana jira. Can sai ga wani mai shadda da hula zanna, ban taɓa ganinsa ba shi ma, na cire masa kuɗi ko sunansa ban tambaya ba. Yaron yana kallo. Ya taso ya ce, "Malam, sabis ɗin ya dawo?" Na sunkuyar da kai ina lalube a aljihun tebur. Da ya ga haka ya ce "Allah ya ba da kasuwa," ya tafi.

Tun ranar abin yake cina. Bai yi mini komai ba, kuma na san a Maigatari sa ɗaya ma ya fi wannan kuɗin. To me na gani? Don Allah yaya mutum zai bambance taka-tsantsan da mummunan zato?

Direban Haɗeja:
Ɗan'uwa kar ka takura kanka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kullum rediyo labarin Zamfara da Katsina take kawo mana. Ni ma in dare ya yi ba kowa nake tsaya wa ba. Sai dai ƙaryar ce ban ji daɗinta ba.

Malamin firamare, Ringim:
Malam Direba, macijin nan shi mai POS ya sara, ko labarinsa ya ji? Ni Bafulatani ne, a ruga aka haife ni. In na sa kaftani na tafi makaranta, "Malam" ake ce mini, a ba ni kujera. Ran da na raka ƙanena kasuwar Wudil da kayan kiwo a jikina, a mota wata baiwar Allah ta janye jakarta ta rungume. Ni ne dai, fuskar nan ce, muryar nan ce. Ba ta ce uffan ba, amma har muka sauka ban iya ɗaga ido ba. Abin da mutane ba sa tunawa, mu ma ana kore mana shanu, ana sace mana mutane. Mu kwana da tsoron ɓarawo, gari ya waye a yi mana kuɗin goro da shi.

Mai POS, yaron nan ya gane sarai. Shirun da ya yi kunya ce irin tamu, ba rashin fahimta ba.

Ungozoma daga Kazaure:
Ba Fulani kaɗai ba ne fa. Ni da kaina na kama kaina a wajen awo. In mace ta shigo da leshi da ƙamshi, sai in ji muryata ta yi laushi, in yi mata bayanin magani dalla-dalla. In ta shigo da koɗaɗɗen zane da kaushi a ƙafa, na riga na yanke cewa ba za ta gane ba, sai in taƙaita. Wata rana ɗaya daga cikin masu koɗaɗɗen zanen ta maimaita mini duk abin da na faɗa wa ta gabanta, har da adadin ƙwayoyin. Yanzu kafin in buɗe baki nakan tambayi kaina: da wannan ce ta sa leshin, haka zan yi mata magana?

Almajirin malam, Dutse:
Ka duba Suratul Hujurat aya ta 12, inda aka ce a nisanci yawan zato domin wani zaton zunubi ne. Taka-tsantsan kan abin da mutum ya aikata ake yinsa: ya kasa sa lambar sirri, ko sunan da ke katin ba nasa ba, ko yana ta waige-waige. Ka sa ƙa'ida ɗaya, kuɗi in sun kai kaza kowa sai ya faɗi sunan da ke katin, mai shadda da mai sanda. Kuma akwai haƙƙinsa a kanka.

Mai POS, hanyar Gumel:
Na gode. Malamin Ringim, maganarka ta hana ni barci jiya. Babu ko ɗaya cikin abubuwan da Almajirin malam ya lissafa da yaron ya yi, ko katin ban karɓa ba. Na tambayi mai shayin da ke kusa da ni, ya ce yakan gan shi duk ranar kasuwa, wajen masu dusa da kanwa yake sauka. Jibi Alhamis zan bar ƙanena a rumfa in je in neme shi. Malamin Ringim, in na same shi da me zan fara, kuma a gaban mutanensa zan yi maganar ko in ja shi gefe?