Wa ya taɓa fitar da aikinsa daga waya ya maida shi takarda?

'Yar Zazzau: Salam 'yan uwa, dan Allah duk wanda ya taɓa buga rubutunsa ko zanensa da kansa ya zo ya bamu labari. Tunda OkadaBooks, manhajar nan ta sayar da littattafai a intanet, ta rufe a ƙarshen 2023 hankalina ya ƙi kwanciya, littafina gaba ɗaya a guruf ɗin WhatsApp yake, feji-feji nake sakewa kullum da dare, in wayar nan ta mutu shikenan.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikissalam ƙanwata, ni na yi kuma wallahi ban yi nadama ba. Na kwashe nawa na zuba a Word, muka zauna da yaron shagon fotokwafi ya tsara min yadda in an ninke A4 biyu zai zama ɗan littafi, aka ɗinke tsakiya da sitefila. Ki kula fejojin su rabu huɗu-huɗu daidai, in ba haka ba farar takarda za ki gani a ƙarshe, sannan ki sa ya fara fitar da feji ɗaya ki duba ƙ da ɗ da ɓ, dan wani salon rubutun bai san su ba sai su fito ɗan akwati-akwati, haka ma emoji. Abin da ya fi min daɗi sharhin masu karatu da na zuba a baya, har da wadda ta rantse in na kashe jarumar ba za ta ƙara min magana ba, ai wannan ma cikin littafin yake.

Ɗan Damagaram: Ni zane nake a waya, sitika da katun. Fotokwafi baƙi da fari ya cinye min kala, fuskokin duk suka dunƙule, sai na koma zana na bugawa daban da layi mai kauri ba inuwa. Bango kawai nake yi da kala dan tsada.

Malam na Fagge: Haka iyayenku marubutan soyayya irin 'yan ƙungiyar Raina Kama suka yi a Kano, da kuɗinsu suka buga suka kai kasuwa, shi ya sa har yau ake tsintar littattafansu. Hirarrakin da aka yi a Yahoo Groups kuwa, tsohon dandalin tattaunawa na intanet, an rufe shi a 2020, sai wanda ya kwafa. Ki rubuta shekara da garinku a ciki, ki ba mutum biyu ajiya.

'Yar Zazzau: Na gode ƙwarai. Anti, masu sharhin kin nemi izininsu ko sunayen kawai kika cire?

Maman 'Yan Biyu: Na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, wadda ta ƙi na cire nata.