Wai akwai shekarun daina sa baƙaƙen kaya irin na goth?

Mai tambaya: Jama'a ina neman shawara. Na haura arba'in, har yanzu baƙaƙen kaya da manyan takalma da kwalli mai kauri nake so, wato salon shigar da ake kira goth, amma kullum sai an ce min wai na girma da wannan, kuma wai takalman na maza ne, abin yana damuna sosai.

Amsa ta 1: Anti kar ki bari su hana ki. Salon goth a Ingila ya taso wajen ƙarshen shekarun 1970, waɗanda suka fara shi yanzu sun yi jikoki, wasunsu har gobe haka suke shiga.

Amsa ta 2: Maganar na maza na mata ma ai canzawa take yi. Takalmi mai tsini mahayan doki na Farisa ne suka saka da farko, Sarkin Faransa Louis na 14 ma yana sawa. A Paris kuma wata doka ta shekarar 1800 ta hana mata sa wando sai da izinin 'yan sanda, sai 2013 aka tabbatar ta mutu.

Amsa ta 3: Ni dai 'yar uwa a wurin aiki ki ɗan rage, sauran lokaci kuma jikinki ne.